Famfonmu Ya Warke da Koren Fenti

Shekaranjiya na bar takalmina na ƙafar hagu a layin fenti. Ban ce layin mai ba, jama'a, wannan kun ji shi daga bakina har kun gaji. Layin fenti na ce, jan fenti, a ƙofar shagon Torab Ali da ke kasuwar bakin kogi. Tun rana ba ta yi zafi ba na isa, na tarar layi ya kai har gindin bishiyar da ake ɗaure kwale-kwale, kowa da gwangwanin madara a hannu. Akwai wani dattijo da na san ko farar ƙasa bai taɓa shafa wa ɗakinsa ba, ga shi nan yana ture mutane da gwiwar hannu, wai tun asuba ya ajiye dutse a wurin. Da aka buɗe ƙofa aka danna ciki gaba ɗaya, wani ƙato ya take mini dunduniya, takalmin ya tsaya a laka, ni kuma aka wuce da ni. Da na isa gaban tebur, Torab Ali ya ɗaga hannu biyu ya ce ja ya ƙare, amma akwai shuɗi mai kyau in ina so.

Na ce masa shuɗi ba ya cikin dokar. Ya ce to in dawo jibi, kaya suna kan ruwa. Na koma neman takalmi ban gan shi ba, haka na ɗingiso gida, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa, yara suna bi na da ido.

Na san wani zai ce me ya haɗa ni, Nesar mai gyaran lema, da jan fenti, mutumin da ƙofar gidansa ma ta manta launinta. To ku gyara zama. Ba zan faɗi sunan garinmu ba, don kada a ji haushi a zo a yi mana shafe na biyu. Abin da kowa ya sani shi ne ruwa ya kewaye mu ta ko'ina: ga kogi, ga teku a bayansa, ga gonakin jatan lande da suka cinye gonakin shinkafa. Duka gishiri ne. Kusan kowane gida yana da famfon tuƙa-tuƙa a tsakar gida, kuma shekarun baya wasu mutane suka zo da 'yan akwatuna suka auna ruwan kowane famfo. Wanda suka samu da lafiya suka shafa wa bakinsa kore, wanda suka samu da gishiri mai yawa ko gubar nan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa suka shafa masa ja. Namu ya sami ja. Duk layinmu ja ne, in ban da guda ɗaya, shi kuma daga baya ya ƙafe don kada ya zama bare.

Haka muka zauna da shi. A yi wanka, a yi wanki, a wanke tukwane. In rani ya yi tsanani tafkuna suka janye, a rufe ido a sha. Kuma kun san yadda gidajenmu suke: ɗan ruwan daɗin da aka samo, maigida ne farko, sai yara, sai baƙo in ya zo, uwar gida kuma ta leƙa tulu ta ce ita dama ba ta jin ƙishirwa, in an juya baya ta nufi famfo.

Bara ƙafafun matata Anowara suka kumbura, baya ya riƙe, da safe idanunta su yi luhu-luhu. Muka hau jirgin ruwa zuwa birnin Khulna. Likita ya duba ya sake dubawa, ya ce ƙodojinta sun gaji, ga hawan jini a kai. Ya rubuta mata wata 'yar ƙwaya rawaya, ya kuma dube ni, ba ita ba, ya ce ruwan famfon nan ko kurɓa kada ta ƙara yi. In ba haka ba, abin da ke gaba shi ne injin wankin ƙoda, kuma injin yana birni, ba ya zuwa ƙauye gaisuwa. Ni ba ni da gida a birni, ba ni da ɗan'uwa mai gida a birni, 'yarmu Shiuli da ke aure can ɗaki ɗaya suke haya. A jirgi muna dawowa Anowara tana ta yi mini hirar tsadar albasa, ni kuwa ban ji ko kalma ɗaya ba don tsoro.

Tun daga ranar nake hawa keke da jarka biyu zuwa wani tafki da ke bayan garin gaba, inda gishiri bai kai ba tukuna. A tace, a dafa, a zuba mata a tulunta na kusurwar ɗaki, a rufe da faranti. Wannan tulu ba mai taɓa shi, ko ni. Amma rani ya ja, tafkin ya koma kusan laka, garuruwa da yawa suna kansa, kwanan nan rabin jarka nake samowa bayan an gama zage-zage. Abin da zai fitar da mu guda ɗaya ne: tankin roba babba, irin wanda ake jona wa indararo ya tara ruwan sama daga rufin kwano. In ya cika da damina, zai riƙe mutum ɗaya har wata daminar. Sai ga sanarwa cewa za a raba irin waɗannan tankuna kyauta kafin ruwa ya sauka, kuma duk gidan da famfonsa ja ne zai samu. Ranar na tsaya gaban famfona na dube shi da idon rahama. Tunda aka shafa masa jan nan ban taɓa alfahari da shi ba sai ranar.

Ana cikin haka aka ce Mai Girma zai kawo ziyara. Ba sai na faɗi wane Mai Girma ba, ku dai ku ce Uban Ruwan Daɗi, Garkuwar Ƙodar Talakawa, wanda almakashinsa bai taɓa kwana da yunwa ba. Ziyararsa kuwa ba a yin ta haka kawai. Aka share hanya, aka shafa wa gindin bishiyoyi farar ƙasa, aka kori awaki, aka ce masu shanyar kifi su yi haƙuri su kai warinsu wani wuri. Na dawo daga tafki da rabin jarkata, na jingine keke, na juya, sai na ga famfona kore shar, yana ƙyalli, fentin ko bushewa bai yi ba.

Anowara ta ce wasu mutane ne suka zo da bokiti da buroshi, masu ladabi ƙwarai, har da neman izini kafin su kore kaza. Sun ce umarni ne daga sama, duk famfon da ake iya hangowa daga hanyar da motar Mai Girma za ta bi a yi masa kore, ado ne kawai irin na gindin bishiya, in an gama taro za a dawo a mayar da ja. Na leƙa gidan maƙwabci, kore. Na leƙa na gaba, kore. Layin da ya shekara da shekaru yana ciwo ya warke tsakanin azahar da la'asar.

A nan dole in tsaya in yi yabo, don ana cewa ni ba na ganin alheri. Wasu ƙasashe, in ji masu sauraron rediyo, sai sun kafa manyan injuna, sun ɗauko masana, sun yi shekaru suna tace ruwan gishiri kafin mutum ya sami kofi ɗaya. Mu namu shugabannin sun gano gajeriyar hanya. Ba inji, ba wuta, ba mai, buroshi ɗaya da bokiti. Ina ganin ya kamata a kira masanan nan na waje su zo su zauna a ƙasa su koya.

Ranar taro Mai Girma ya zo cikin jerin motoci, gilashi a rufe saboda ƙura, yana kallon famfuna ta taga. Da ya hau mumbari ya ce abin da idonsa ya gani a hanya ya sa shi ƙwalla. Ya ce a zamanin waɗanda suka gabace shi ja ake gani ko'ina, yau kuwa ga kore, kuma duk mai musu ya fito ya ƙirga da kansa. Aka yi tafi. Ni ma na yi, don na kusa da ni yana kallona. A gaban Mai Girma an jera robobin ruwa da aka zo da su tun daga birni a cikin ƙanƙara, yana magana yana kurɓa. Ya yanke ƙyalle a jikin wani allo, aka ɗauki hoto, motoci suka juya.

Da yamma na je shagon Kalipada mai shayi. Kalipada Bahindu ne, ya girme ni da kaɗan, shi ya sa nake ce masa Dada, wato yaya, shi kuma yake ce mini Bhai, wato ɗan'uwa. Tun muna yara muke faɗa, har yau ba mu gama ba. Na tarar ya ɗora tukunya biyu. Ya ce tunda an tabbatar a lasifika cewa famfonsa ya warke, ya ga ba dalilin ci gaba da sayen ruwan shayi daga kwale-kwale, shi ne ya gwada na famfon. Ya karkato mini tukunyar, madara ta tsinke ta yi gudaji-gudaji kamar yadda ta saba in ta haɗu da gishiri.

“Ka gani, Nesar Bhai,” in ji shi. “Madarar nan ba ta je taron ba. Ba ta ji jawabin ba.”

Na ce ya kai ta ofis a yi mata bayani. Ya ce zai kai, amma yana tsoron a shafa mata kore a dawo masa da ita.

Muka yi ta jiran masu bokiti su dawo da ja. Shiru. Sai ga mai keken lasifika yana zagaya gari, wai mai duba famfuna zai zo gida-gida, kuma kamar yadda aka faɗa tun farko, tanki na mai jan famfo ne kawai. Na sa rigata ta Juma'a na tafi wurin Ƙaramin Mai Girma, wanda yake namu na nan kusa, shi ne mai riƙe wa babban Mai Girma lema in ya zo. Lemar ma ni na taɓa gyara ta, ban ga ko sisi ba, amma ba wannan ya kai ni ba.

Ya karɓe ni da fara'a, ya tambayi jikin uwar gida, ya ce kullum tana cikin addu'arsa. Na ce na gode, amma addu'ar za ta fi sauri in an haɗa da jan fenti. Sai ya sha mur. Ya ce in yi tunani da kyau: famfon da Mai Girma ya gani da idonsa kore, ya ambata a gaban jama'a, aka buga a jarida, ta yaya ofis zai aiko a mayar da shi ja? Ai an ƙaryata Mai Girma ke nan. Na ce to ruwan fa? Ya ce ruwa ba sashensa ba ne, shi sashensa famfo. Da ya ga na ƙi tashi, ya rage murya ya ce in mai gida ya ga dama ya shafa wa kayansa launin da yake so, wannan tsakaninsa da kayansa ne, ofis ba ya leƙen gidajen mutane. Har ya ƙara mini da shawara kyauta, wai ya ji an ce Torab Ali yana da ja mai kyau.

Torab Ali ƙanin matarsa ne. Kuma koren da aka shafe mu da shi, daga shagon Torab Ali aka saye shi. Ban ce komai ba fa, zumunci kawai nake nuna muku, abu ne mai kyau da addini ya yi umarni da shi.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Washegari da sassafe duk layinmu aka yi kasuwa. Sannan mutanen unguwar baya, waɗanda Allah ya ba famfuna masu lafiya tun asali, su ma suka ce ai tanki ba ya cizo, suka fito da gwangwanayensu. Su ne ma a gaba, don sun fi mu ƙarfi, ba su sha gishiri ba. Wannan shi ne layin da ya cinye mini takalmi.

Da na dawo hannu wofi na zauna a bencin Kalipada, ga mai duba famfo washegari zai zo. Dada ya dube ni, ya dubi ƙafata, bai yi dariya ba, wanda hakan ya nuna mini lallai na zama abin tausayi. Ya shiga cikin gida, na ji suna ƙus-ƙus da matarsa Bisakha. Can sai ga ta da wata 'yar kwalba a naɗe a gefen zane. Alta ce, jan ruwan nan da matansu ke zana wa ƙafa ranar biki. Ta ce ta ajiye ne don auren 'yar ƙanwarta, amma amarya za ta iya shiga ɗaki da farar ƙafa, ba a mutuwa da wannan.

“Ka dai yi wa limaminku bayani da kanka,” in ji Kalipada. “Kada gobe a ce na shigar da famfon Musulmi addininmu.”

Kafin magariba muka tsuguna ni da shi, da tsumma a bakin tsinke, muka bi bakin famfon muka shafe. Ya yi ja wur, ya fi na asali kyau. Anowara tana zaune a dakali da ƙafafunta a kan kujera 'yar tsugune, tana dariya har da riƙe ciki, wai saura a sa masa gyale a kira masu kiɗa. Rabon da in ji ta yi irin wannan dariyar tun kafin mu je Khulna. Ni kuwa ina shafawa ina tunani: na kai wannan shekarun ban taɓa yin jabun komai ba, yau ga ni ina haɗa jabu don a yarda da gaskiya.

Jiya da safe gabas ta yi baƙi. Wata da watanni ina roƙon Allah ruwa, don sana'ata da tulun matata duka shi suke jira, amma jiya na ɗaga hannu na ce ya Rabbi, ba gardama nake ba, a ɗan jinkirta zuwa la'asar. Mai duba famfo ya shigo layinmu da hantsi, yana bi gida-gida. Ina tsaye a ƙofa ina kallonsa ina kallon sama. Yana gidan da ke jikin namu iska ta taso, ganyen kwakwa ya fara kaɗawa, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ruga da buhu zan rufe famfon, iska ta fizge buhun ta kai shi gonar jatan lande. Ina ji ina gani jan nan ya narke, ya gangara ta jikin ƙarfe, ya bi rariya ya fita waje abinsa.

Mutumin ya shigo da wata lema mai karyayyen haƙarƙari. Siriri ne, zai yi hamsin, fuskar wanda ya gaji da jin labarai. Ya tsaya gaban famfon. Kore shar, sai ɗan jan da ya maƙale a ƙarƙashin leɓe yana ɗiga. Na fara bayani tun daga masu akwatuna har zuwa masu bokiti. Ya saurara, ban ce bai saurara ba. Ya ce tun safe wannan labarin yake ji a kowane gida, kuma ya san wasu gaskiya suke faɗa, amma shi an aiko shi duba launi ne, ba jin tarihi ba. Na ce to ya ɗanɗana ruwan mana, ga famfo ga hannu. Ya ce harshe ba ya cikin kayan aikin da aka ba shi.

Ruwa ya ƙi tsayawa, dole ya hau dakalinmu ya fake. Na karɓi lemarsa na hau gyara ba tare da ya roƙa ba, ina fatan ko zuciyarsa za ta yi laushi. Takardar da yake rubuta launin kowane famfo tana kan cinyarsa, bai rubuta komai ba tukuna. Sai ya dubi agogo, ya laluba aljihu, ya fito da 'yar ledar ƙwayar magani, ya juya wajen Anowara da ke bakin ƙofa.

“Inna, a taimaka mini da ruwa in haɗiyi magani.”

Jama'a, ga dama ta samu. Na ce Allah ya kawo mu. Mutumin da ya ƙi ɗanɗana ruwa ga shi da bakinsa yana roƙo. Kofi ɗaya daga famfon nan ya isa, in ya kurɓa fuskarsa ta yamutse, ba sai na ƙara ko kalma ba. Na dubi Anowara, na yi mata nuni da leɓe wajen famfo. Na ƙara da ido. Na yi tari. Shekara talatin da wani abu muna tare, ta san ma'anar kowane tarina.

Ba ni take kallo ba, hannunsa take kallo. Ta juya ta shiga ɗaki. Ina zaune na ji ƙarar farantin nan da aka ɗaga daga bakin tulu, na ji kofi yana kankarar gindi, don abin da ya rage ke nan. Ta fito ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya jefa ƙwaya a baki, ya sha, ya lumshe ido, ya shanye tas. Ya ce rabonsa da ruwa mai daɗin wannan tun yana yaro a gidan kakarsa.

“Baffa,” in ji shi, “kuna da ruwa irin wannan, me za ku yi da tanki? Ku bar wa mabukata.”

Na ce ba na famfo ba ne, daga tafkin garin gaba na ɗauko shi a kan keke, ga jarkokin can, ga keken can. Ya yi murmushi irin na wanda ya kama yaro da hannu a tukunya. Ya ce ido ya ga kore, harshe ya ji daɗi, shaida biyu ke nan. Harshen da ɗazu ba ya cikin kayan aiki, yanzu an ɗauke shi aiki. Ya yi rubutunsa, ya karɓi lemarsa da ta miƙe sarai, ya yi godiya sosai, ya sa wa gidan albarka, ya fita.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na daɗe ban ji irin wannan ɓacin ran ba. Na bari sai da ya yi nisa, na juya.

“Maman Shiuli, kin san abin da kika yi kuwa?”

“Na sani.”

“Kin ga ina yi miki nuni.”

“Na gani, Baban Shiuli, har tarin na ji.” Ta ɗauki kofin ta kife. “Ƙwayar da ke hannunsa irin tawa ce, 'yar rawayar nan. Ka dubi idonsa kuwa? Mai shan wannan ba a ba shi ruwan famfon can. Ba a gidana ba.”

Na ce kurɓa ɗaya ba za ta kashe shi ba. Ta ce ita ma da kurɓa ɗaya ta fara. Daga nan ta wuce ni ta hau fito da tukwane tana jerawa a ƙarƙashin indararo, ta ce in daina tsayuwa kamar an dasa ni, in miƙo mata bahon wanki. Na miƙa. Haushi nake ji, ina kuma jin wani abu mai kama da alfahari, tsoro kuma ya danne su duka biyun. Ban san wanda zan fara da shi ba, sai na ci gaba da miƙo tukwane.

Yau ma ruwa ake yi. Duk abin da ke da baki a gidan nan mun tara shi: tukwane, bokitai, baho, jarka biyu, tulun Anowara, har tukunyar shayin da Kalipada ya aiko da ita aro. Sun cika tun jiya, sauran yana zuba daga kwano yana bin rariya zuwa kogi, ya je ya zama gishiri. Muddin damina tana nan ba mu da damuwa. Amma na san watan da sama za ta rufe, na san yadda tafkin can yake komawa, kuma tukwane ba sa riƙe rani.

Da hantsi kwale-kwalen tankuna ya wuce ta bayan gidanmu, baƙaƙe manya, an ɗaure su da igiya, ya nufi unguwar baya inda aka sami fenti na gaske. Ƙaton nan da ya take mini dunduniya yana tsaye a bakin ruwa yana nuna inda za a sauke nasa. Torab Ali kuma ya cika alkawari, ya aiko a gaya mini ja ya iso, har ya yi sauƙi. Takalmina ma an gan shi, ruwa ya tono shi, Dada ya kawo mini a bakin sanda.

Saboda haka ba ƙorafi na zo yi ba, roƙo ne ɗan ƙarami zuwa ga Mai Girma Uban Ruwan Daɗi, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi. Mako mai zuwa za mu koma Khulna a sake duba Anowara. Na san ba a rasa ragowar koren nan a gindin bokiti. In za a taimaka a aiko mana da shi, da ɗan siririn buroshi, sai a shafa wa ƙodar tata tun a gida, kafin likita ya gani.